Ranar da Kaka Ta Ƙi Barci

Makon jiya, muna kwashe kayan ɗakin kakata bayan rasuwarta, na ɗaga babbar ƙwaryar da take ɗaukar doya. Gefe guda ya yi sulɓi, wajen da ke zama a kafaɗarta. Ka san matan Gwari ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Har yanzu ƙwaryar tana ƙanshin ƙasa da hayaƙi. Na zauna a bakin gado, na kasa ci gaba da aikin.

Ita ta raine ni. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, a wajen wata tiyatar ciki. An sa ta barci, ba ta farka ba. Ban san ainihin abin da ya faru ba, kuma ba na ɗora wa kowa laifi. Tun daga nan muka zama mu biyu a ɗaki ɗaya a Maitumbi, lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa. Doyar da take kaiwa kasuwa ita ce abincinmu, ita ce makarantata.

Wata damina, gab da fitowar sabuwar doya, ƙaba ta fito mata a ƙasan ciki. Ta yi ta ɓoyewa, har ciwon ya durƙusar da ita a hanyar gona. A asibiti aka ce sai tiyata. Likita ya zaunar da mu, ni da ita da kawuna, ya ce hanya biyu ce. Ko a sa ta barci gaba ɗaya, inji ya taimaka mata da numfashi, ko a yi mata allura a baya, rabin jikinta na ƙasa ya mutu na ɗan lokaci, tana farke. Ya ce kowace tana da haɗarinta, amma saboda tarin da hayaƙin murhu ya bar mata, ta bayan za ta fi wa ƙirjinta sauƙi.

Kawu ya ƙi. "Mama, ki bari su sa ki barci kawai. An ce allurar nan tana shanye ƙafa. Ke da bayanki kike ci fa."

Likita ya ce ƙafafun za su dawo. Ni dai tun da aka ambaci barci na kasa ɗaga kai. Kaka ta dube ni, sannan ta dubi likita.

"Ɗana, in an yi ta bayan, zan iya magana?"

"Za ki iya, Mama."

"To, ita za a yi. Yarinyar nan ta taɓa jiran wadda ta yi barci."

Ranar aikin ana ta ruwa. Ina zaune a benci ina sauraren ƙararsa a kan kwano, ƙanshin gasasshiyar masara yana shigowa daga bakin ƙofa. Can wata nas ta leƙo.

"Ina jikar tsohuwar nan? Ta ce a tambaye ki ko kin ci abinci. Ta hana mu sakat da zancenki."

Na ce na ci, ko da yake ban ci ba.

Da aka fito da ita, ta ce ƙafafunta sun yi nauyi kamar turmi. Kawu ya tsaya a ƙarshen gado ya zuba musu ido. Wajen la'asar babban yatsanta ya motsa. Ta ce, "Ka gani? Tafi ka duba min gona." Ta yi 'yan kwanaki da ciwon kai, ta yi watanni ba ta ɗauki kaya ba, sannan ƙwaryar ta koma kafaɗarta.

Sai da na girma ta gaya min ta ji tsoro ƙwarai. Tana jin ƙarar ƙarafa a bayan labule, tana jin ana jan cikinta ba zafi, ga fargabar abin da Kawu ya faɗa. Da barcin aka sa ta, da ya fi mata sauƙi.

Yanzu allurar baya ba abin taron dangi ba ce. Da aka yi min tiyatar haihuwa, ita na zaɓa, kuma da kunnena na ji kukan 'yata na farko. Gonar Kaka ta zama gidaje, keke mai ƙafa uku ke kai doya kasuwa. Ƙwaryar na kawo ta ɗakina.

A ƙarshe cikin barci ta tafi, a kan gadonta. Amma sai da ta jira na girma. Allah ya jiƙanta.