Igiyar Ragon Yaya Hajo

Kakarmu Iya Kuluwa ba ta yin tatsuniya kyauta. Mai bandar kifi ce a ƙauyenmu na bakin tabkin Madarumfa, ita kuwa banda tana son mai tura mata kara da mai korar kyanwa. To, da ta ga mun suɗe kwanon tuwo muna shirin sulalewa dandali, sai ta gyara zama kusa da murhu ta yi tari sau biyu. Mun san tarin nan. Ni da yayata Hajo da 'ya'yan baffanmu sai mu dawo mu tsuguna, kowa da ɗaurin karansa. Sanyin tabki yana dukan bayanmu, hayaƙin tarwaɗa yana cika mana ido, amma ko an kira mutum da ƙuli-ƙuli ba zai tashi ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Ga wata nan tahe, ƙahwa ɗaya gare ta." Mu kuma mu ce, "Ta ɗingiso ta zamna." In wani bai amsa da ƙarfi ba, sai ta ce ta koma gida, sai an roƙe ta.

Na manta da yawa daga cikin tatsuniyoyinta. Akwai guda da ban manta ba, saboda ranar da ta yi ta da haushi na kwanta, kuma bana haushin ya dawo mini sabo fil.

Wai a kasuwar namun daji, Hankaka ne dillali. Shi yake tashi gari gari yana neman mai saye, in an yi ciniki ya ɗauki la'adarsa, in ba a yi ba ya kwana da yunwa. Dabbobi suna gunaguni, wai Hankaka yana ci nan yana ci can. Ana nan sai ga Dila da wata ƙatuwar ganga. Ya ce gangarsa daji bakwai ake jin ta, kowa yake da abin sayarwa zai kaɗa sunansa, kuma ba ya son la'ada ko ta ƙwayar gero. Abin da yake so kaɗan ne, mudu guda duk tsayuwar wata.

Kunkuru yana da ƙwaryar man shanu, ga shi ba ƙafar zuwa kasuwa. Ya tambaya, "In ba a saya ba hwa?" Dila ya ce, "Wannan kuma na Allah ne." Kunkuru ya auna mudu ya ba shi.

Watan farko Dila ya kaɗa a tsaye har gumi. Wata na biyu a kwance ya kaɗa, da hannu ɗaya. Wata na uku sai ya ɗaura makaɗi a wutsiyarsa ya yi barci, in ƙuda ya dame shi wutsiya ta motsa, ganga ta ce dum. A nan Iya Kuluwa takan kwanta da gefe ta riƙa kaɗa bakin zanenta, mu yi ta dariya har kyanwa ta samu hanya. Bazara ta shigo, man Kunkuru ya narke ya yi ɗoyi. Ya yi tafiyar kwana uku ya je ya sami Dila, ya ce, "Ga abin da kac ja mani." Dila ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ni cewa na yi in kaɗa, ban ce in saida ba. Ah, ga wata ma ya tsaya. Ina mudu?"

Sai ta juya kifi. Muka jira. Na ce, "Iya, sai anka yi ma Dila mi?"

"Ba komi. Ƙiba ya yi."

Muka tayar da ƙura. Ai ba a yin haka, dole Zaki ya zo ya kama shi, ko ganga ta fashe masa a ka. Ta ce, "Wa za ya kama shi? Sata ya yi? Da hannunshi Kunkuru ya auna. Ku dai in kun girma, ku ba da igiyarku ga wanda za ya kwana da yunwa in ba a saya ba." Na ce to Kunkuru wawa ne. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Kai dai tura kara." Daga nan ta ce tatsuniya ta bi hayaƙi ta tafi, kowa ya nemi tabarmarsa.

Iya Kuluwa ta daɗe a ƙasa. Ni na yi 'yar lakol, wato boko, na dawo ina lambu a bakin tabki, kuma da yake ina karanta Faransanci, duk saƙon da ya shigo salular wani a unguwa ni ake kawo wa. Yaya Hajo mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da gonar da ba ta kai su ko rabin shekara. Abin da take yi, bayan kaka ta sayi ɗan rago ta ɗaure, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa da ƙasarin fura har Babbar Sallah ta gabato. Kuɗin ragon nan shi ne hatsin da suke ci da damina. In rago ya yi daraja, yara su yi noma da tuwo a ciki. In bai yi ba, sai ganyen tafasa da rama.

Ragon bana kuwa ya amsa. Fari ne mai baƙin ido, wuya kamar turmi. Har daga garin Gabi an zo kallonsa.

A lokacin ne wasu samari biyu masu riga iri ɗaya suka zo ƙauye a kan moto, wato babur, suna tallan wata aplikasiyo, kasuwar gwanjon dabbobi ta cikin salula. Ka ɗauki hoton dabbarka ka sa, masu kuɗin Maraɗi da Yamai su yi ta tayawa kwana bakwai, wanda ya fi tsada ya ɗauka. Ba dillali, ba la'ada. Kuɗin wata kawai za ka biya, jikka uku, wato sefa dubu uku, abin da suke kira abonma.

An yi kwanaki ana musun abin a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci. Mati, maƙwabcina na lambu, ya hau ya zauna a kai. Ya ce, "Shekara nawa dillalai suna shan jininmu? Su ja mai saye gehe su yi ƙus-ƙus, su dawo su hwaɗa maka abin da sunka ga dama. Nan ko kana ganin tayi da idonka." Wannan gaskiya ce, kuma ba wanda ya musa. Tsofaffi dai abu guda ya tsaya musu a wuya. Ɗaya ya ce, "Ni rago guda nike saidawa a shekara, mi ya haɗa ni da biyan wata-wata? Haya na kama?" Wani ya ce, "In sun yarda da gangarsu, su jira a yi ciniki su ɗiba." Na yi masa dariya. Ni da aka raina da wannan tatsuniya, na ji kalmar ganga da kunnena, na yi dariya, na tafi na lallashi yayata.

Da hannuna na ɗauki hoton ragon da salularta, na hau tudun makaranta inda rezo, wato layin waya, yake kamawa, na tura jikka ukun da ta kwance daga bakin zane. Zagayen farko tayin bai yi mana ba. Muka sake sa shi, yadda za a rufe saura kwana huɗu Sallah.

Ana cikin haka, saura kwana goma Sallah, Baba Ɗan Jimma ya yi sallama. Tsohon dillali ne, shi yake sayar wa gidanmu dabba tun zamanin mahaifinmu. Ya zo da wani falke mai lodin babbar mota. Falken ya shafa bayan rago, ya ɗaga wutsiya, ya buɗe baki, ya taya jikka ɗari da talatin, kuɗi hannu. Yaya Hajo ta leƙo daga bakin ɗaki ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na riga na ba da igiya."

A wurinmu, in ka miƙa wa dillali igiyar dabbarka, ka gama magana. Ba ka sayarwa a bayan idonsa, ba ka ba wani, sai ka je ka karɓi igiyarka da baki, ido da ido. Wanda ya yi akasin haka, sunansa ya ɓaci a kara, wato kasuwar dabbobi, har 'ya'yansa su gaji abin. Na ce, "Yaya, ai wannan ba mutum ba ne, abin salula ne." Ta ce, "Yaran da sunka zo bisa moto aljannu ne? Sun amshi kuɗɗina suna yi mani wahala, ni kuma in zagaye su? Ba a gidanmu ba." Baba Ɗan Jimma bai ja ba. Ya ce, "Ɗiyata ta yi daidai," ya ja falkensa suka fita.

Tayi a salula ya yi ta hawa, har ya wuce na falke da jikka goma. Mati yana zagaya gari da labari. Saura kwana ɗaya a rufe, na hau tudu na duba, babu rago. Sai ɗan saƙo: watanku ya cika, ku sabunta. Na ruga gida, aka sayar da zakara biyu, aka sake turawa. Rago ya dawo, amma tayi ya goge tas, an koma farko, sabon kwana bakwai. Kowa ya iya lissafin yatsu ya san kwana bakwai ɗin nan sai bayan an ci naman Sallah za su cika.

Na kira lambar da samarin suka bari har kiredina, kuɗin kiran, ya ƙare. Wata murya mai daɗi tana ce mini in danna ɗaya, in danna biyu, in jira. Da ƙyar wani ya ɗauka, ya ce ai yana rubuce cikin sharuɗɗa, mun danna mun yarda. Na ce masa marainiyar Allah ta ƙi ciniki don ta riƙe muku amana. Ya ce su ba su hana kowa sayar da dabbarsa ba, su dandali kawai suke bayarwa. Wallahi da yana gabana, da sai an raba mu.

Kwana biyu ina roƙon Yaya Hajo kafin ta yarda a fitar da ragon. Lokacin manyan motoci sun yi lodi sun wuce, 'yan gari kuwa ƙananan raguna suke nema daidai aljihunsu. Ragon da aka zo kallo daga Gabi ya yi Sallah a turke yana cin dusa. Sati biyu bayan haka Baba Ɗan Jimma ya ja shi kasuwa, ya wuni a rana, ya sayar wa mahauci jikka saba'in da biyar. Da ya kawo kuɗin, Yaya Hajo ta ware la'adarsa, sai ya tura mata abinta. Ya ce, "Ban saida shi da daraja ba, mi zan ci a ciki?"

A gindin dalbejiya yanzu ba a musu. Mati ma da ya ce ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba wanda ya tanka masa, shi ma bai sake ba. Ni ban ce salula ba ta da amfani ba, tayin da na gani da idona tayi ne na gaske. Abin da yake ƙona mini rai shi ne a zo wurin mai rago guda, a karɓi kuɗinsa tun bai ga mai saye ba, a ɗaura masa wata a wuya, in ya yi asara kuma a ce ya karanta sharuɗɗa. Dillalin da muke zagi aƙalla cikinsa a ɗaure yake da cinikinka, kuma ka san ƙofar gidansa.

Ina yaro na ce Kunkuru wawa ne. Yanzu na gane abin da ya sa tsohuwar ta ƙi amsa mini. Yayata ba wauta ta yi ba, tarbiyyar gidanmu ta bi, kuma ita aka ci. Wautar tawa ce, ni mai lakol, da na kai mutumiyar kirki inda kirki ba ya da mai karɓa. Damina ta yi nisa, na ga tukunyarta ranar Juma'a, ganye ya fi gari yawa. Na kai mata gero tiya biyar daga rumbuna, ta karɓa ba ta ce mini komai a kan ragon ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da zan tafi ta miƙo mini salular ta ce in cire mata abin gwanjon nan. Na ɗora yatsa ke nan sai ta riƙe hannuna. Ta ce, "Tsaya, ƙanena. Rubuta masu tukuna. Ka ce Hajo ta gode, ta amshi igiyarta, kada su ce na tahi ba sallama."

Na rubuta kamar yadda ta faɗa. Duk sanda muka haɗu sai ta tambaye ni ko sun amsa.