Akwatin da Na Haɗa wa Inna

Shekarar da yajin aiki ya rufe makarantu, ina malamin koyar da aikin lantarki a Maradi, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya a unguwar Zariya. Abokan da muke shan shayi tare sun watse, kowa ya bi jam'iyyarsa, har gaisuwa ta yi nauyi a tsakaninsu. Ni da ban shiga ko ɗaya ba, sai na rasa wurin zama.

Inna tana Tibiri, idanunta sun fara dushewa. Rediyo ne abokin hirarta. Wata rana ta laluba za ta sa shi a wutar bango, yatsanta ya taɓa ƙarfe, wutar ta fizge ta. Daga ranar ba ta ƙara kusantar bangon ba, sai in na zo na kunna mata.

Sai na ce bari in haɗa akwatin da zai riƙa kunna rediyon da kashe shi da kansa. Ina da wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu, kamar kyankyaso, wanda ake rubuta wa umarni ya riƙe lokaci. Mai gadin makaranta ya buɗe mini ɗakin na'ura na tsara shi. Sati uku ina aikin, ba mai leƙo ni. Na raba cikin akwatin gida biyu da katangar roba, ƙaramar wuta a gefe, babbar wutar gida a gefe, ba abin da ya haɗa su sai makunni guda. Na sa fis mai yanke wuta in ta yi yawa, na ja wayar ƙasa mai hana wuta jan mutum, na rufe ruf da kusoshi. Da ƙwan fitila na fara gwadawa. Ranar da ya kama da kansa na yi tafi, sannan na waiga, ba kowa.

Na kai Tibiri ran Juma'a. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta faɗin sunana. Ta shafa akwatin ta ce, "Malam, wannan ba ya cizo?"

"Ko kin zuba masa hannu biyu, Inna."

Ƙarfe ɗaya na yi, lokacin labarai da na saita masa, rediyo ya ɗauki magana. Ta yi dariya, sannan ta ce:

"To yanzu mi zai kawo ka?"

Na dai ci gaba da zuwa kowace Juma'a, har damina ta biyu da Allah ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar bakwai na kulle ɗakinta na koma Maradi. Kwana uku sai ga saƙon maƙwabciyarta: in zo, rediyo na magana shi kaɗai, matan gidan sun tsorata. Na isa da azahar, na tarar ana karanta labarai. Na zauna kan tabarmarta har aka gama, sannan na zare wayar.