Ƙaron Murshid a Gaban Haske

A shekarun da na yi ina karatun digirin digirgir a Dubai, aikina shi ne gano yadda ƙaro yake shan wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira terahaz. Kowane abu da irin shansa, daga nan ake gane yadda cikinsa ya ginu. A kasuwar Murshid nake samo ƙaron, wurin wani ɗan Nijar da bai daina mamakin mai neman tafi ɗaya a tsakiyar masu loda kwantena ba.

Mai haɗa mini samfur wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, Kirista daga Jos. Ta girme ni sosai, Anti nake ce mata. Ita take niƙa ƙaron, ta matse shi ya koma kamar ƙwayar magani. Abin da ya fi ba mu wahala danshin Dubai ne, domin ruwan da ke cikin iska yana shanye hasken kafin ya kai ga samfur. Sai mun jira cikin na'urar ya bushe, kuma a wannan jiran muke hirar gida, tana yabon sanyin Jos, ina kare Kano.

Fitilar na'urarmu ba ta da ƙarfi, layukan da muke nema a allo, masu nuna shan hasken, suka ƙi fitowa. Daga baya aka ba ni 'yan kwanaki a Jodan, inda akwai sinkiroton, wani ƙaton zobe da ƙwayoyin lantarki suke zagayawa a guje suna fitar da haske mai ƙarfi. Ita aiki bai bar ta ta bi ni ba. Ta jera mini samfuran a robar abincinta, ta naɗe da auduga.

A Jodan layukan suka fito tar. Na ɗauki hoton allon na tura mata, nan take ta kira, ta tambaya ko akwai ƙwayar da ta tsage a hanya. Na ce babu.

"Mun gode Allah," in ji ta. "Ka ci abinci kuwa?"

Da na dawo ta dafa gwate, muka ci a ofis da sauran abokan aiki. Kafin in ƙare binciken ta koma gida wurin jikokinta. Yanzu a wani kamfani nake aiki a unguwar Al Khabaisi nan Dubai, rabona da ɗakin gwaji an daɗe, amma ranar Lahadi nakan kira ta in ta taso daga coci.