Kalilu, Wanda Ya Nemo Sunayenmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Mayu, 2013, aka bugo mini waya daga unguwar Badariya cewa Malam Kalilu Ambursa ya rasu bayan jinyar mako biyu.

Kalilu, ni ce Baiwa, sakatariyar matan Argungu masu noman shinkafa, wadda ta shigo ofishinku na rajistar manoma bara tana faɗa. Mata ɗari uku da goma sha biyu na shigar da hannuna cikin manhajar rajistar manoma, aka fito da jerin masu karɓar iri babu ko ɗaya. Wani babba ya ce wataƙila ban iya danna kwamfuta ba. Shekara ashirin na yi ina koyar da lissafi, kuma har yau ban yafe wannan magana ba.

Kai kaɗai ka ce, "Hajiya, zamna ki gwada mini mi kika yi." Ka hau babur ka biyo ni Argungu, kwana uku kana bin rubutun manhajar layi-layi.

Da ka gano, ba ka rufe ni da Turanci ba. Ka ce kowane shafi yana da kwantirola, ɗan shirin da ke karɓar abin da aka shigar ya kai shi ma'ajiya. Na shafinmu ya kamata ya gaji aikinsa daga babban da ke wani kundin dabam. Sai mai haɗa manhajar ya manta wani tsohon kwafi mai suna iri ɗaya a kundinmu, namu ya gaji wannan, shi kuwa bai san hanyar ma'ajiya ba, sunayenmu suka ɓace a hanya. Na ce, "Wato ba ni ce jahilar ba?" Ka yi dariya ka ce, "Hajiya, ni ban ce kowa jahili na ba, amma ke kam kin fita."

Saura kwana biyu a rufe jerin ka gyara, muka sake shigarwa, kowa ta samu irinta. A taron rabo an gode wa mutum bakwai, ban ji sunanka ba. To, ga shi na rubuta.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Umma, mahaifiyarsa, da Riskuwa, matarsa, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ranar Juma'a matan Argungu za su zo gaisuwa, kowace da mudun shinkafar da ta noma. Don Allah kada ku ce ta yi yawa.