Gurbin Filafilin Mato

Duk wanda ya leƙa rumfar Alhasan kafinta a Dogarawa zai ga tsofaffin katakai jingine da bango, kowanne da sunan mai shi a rubuce da gawayi. Leɓunan jirage ne, wato siririn katakon da ke bin bakin kwalekwale daga gaba zuwa baya. Shi ke shan gugar filafili da igiya, shi ya sa yake riga sauran jikin jirgi lalacewa. Alhasan ba ya yar da tsoho sai mai jirgin ya hau ruwa da sabon ya dawo. Da can ba haka yake yi ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a kamfanin siminti na Malbaza yana haɗa akwatunan zuba kankare. A can ya koyi cewa aiki mai kyau shi ne miƙaƙƙe, mai santsi. Da ƙirji ya fara damunsa ya dawo gida, ya kafa rumfa yana yin ƙofofi da gyaran amalanke. Maharban tabkin da ke bayan gari suka fara kawo masa ƙananan jiragensu, irin na mutum ɗaya da bindigarsa, waɗanda suke sulalawa da su cikin ciyawa su harbo tsuntsayen ruwa irin su kirinjijiya da dinya. Shi kansa bai taɓa shiga jirgi ba. Ruwa in ya wuce gwiwa, ba da shi ba.

A kakar 1988 tabkin ya cika har ya taɓo gonaki. Mato, dattijon maharba, ya ɗoro jirginsa a amalanke ya kawo. Tun yana saurayi bindiga ta fashe masa a hannu, sai babban yatsa da manuni suka rage a hagunsa. Leɓen jirgin ya ruɓe, ƙusoshi sun fito, ga wani rami a gefen hagu, baƙi wuluk, mai zurfin da zai ɗauki ƙwan kaza.

"Baba Mato, wannan jirgi ai ya girme ni," in ji Alhasan.

"Ya girme ka, ya kuma hi ka sanin ruwa. Ka dai yi mishi a hankali."

Kwana uku ya yi a kai. Ya samo jan katako irin wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, ya jiƙa shi har ya yarda ya lanƙwasu, ya buga, ya goge da magagari, ya shafe mahaɗun da kwalta. Da Mato ya zo ɗauka ya bi sabon leɓen da yatsunsa biyu, ya ɗan tsaya a gefen hagu, sannan ya ce, "Madalla. Allah shi yi albarka." Alhasan ya kwashe tsofaffin guntayen ya kai wa matarsa Umma a madafa.

Bayan mako biyu, da hantsi, Uwani matar Mato ta tsaya a bakin rumfa da ƙwaryar gero a ka. Suka gaisa, ta tambayi Umma da yara, amma ba ta tafi ba.

"Inna, lahiya dai?"

"Lahiya lau. Tsohon ne ya kihe jirgi a gindin bagaruwa. Wai tsuhwa ta zo."

"Wace tsuhwa? Shekaranjiya na gan shi da damin kara a ka."

Ta sauke ƙwaryar. Ta ce ramin nan da ya gani, shekara talatin filafili ya yi yana cinsa. Hannun hagun Mato ba ya riƙo, don haka a ramin yake kwantar da sandar filafili, ya tuƙa da dama kaɗai. Yanzu sandar zamewa take yi a kan sabon katako, tana bugunsa ƙwas, tsuntsaye su tashi tun bai matso ba. Sau biyu ya fita, jirgin na juyi da shi a gaban 'yan uwansa maharba.

"Don mi bai hwaɗa mini ba?"

"Ka yi aiki mai kyau, shi zo shi ce ka ɓata? Kai ma ka san shi. In sanyi ya wuce bai koma ba, ba shi ƙara komawa. Kuma kada ka ce ni na zo."

Alhasan ya bar ƙofar da yake yi ya shiga gida. Sassaƙa sabon rami ba wuya, amma a ina, da wane zurfi, ya karkata ta wane gefe? Wannan hannun Mato ne kaɗai ya sani. Ya tarar da Umma tana hura wuta, guntayen kuwa sun ƙare tun tuni.

"Duk kin ƙone?"

"Malam, kai ka ba ni ka ce itace ne." Ta dube shi, ta ga fuskarsa. Sai ta miƙa hannu bayan randa ta ɗauko wani guntu mai tsawon kamu ɗaya. "Sai wannan. Ramin ya yi daidai da ludayina, shi ya sa na bar shi."

Ya karɓa da hannu biyu. Gefunan sun ruɓe, amma inda filafili ya goga ya yi tauri kamar ƙaho, ga ramukan ƙusoshi da za su nuna masa ainihin mazauninsa.

Da la'asar ya ɗauki zarto ya tafi gindin bagaruwa a bakin tabki. Ya birkice jirgin, ya yanke kamu ɗaya daga sabon leɓen da ya yi alfahari da shi, ya dasa tsohon guntun, ya ɗaure shi ta ƙasa da ƙarfe. Baƙi a tsakiyar ja, ko kaɗan bai yi kyan gani ba. Yana cikin bugun ƙusa ta ƙarshe Mato ya iso, hannu a baya.

"Kahinta, mi kake yi wa jirgina?"

"Katako ne ya gaza mini, Baba. Na cike da tsoho."

Mato ya sa babban yatsansa a ramin, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Rowar katako dai," ya ce. "Kama mini mu tura."

Alhasan ya naɗe wando ya tura har ruwa ya kai masa gwiwa, ya tsaya a nan. Mato ya kwantar da sandar filafili a gurbinta. Jirgin ya miƙe ya shige ciyawa, ba a jin komai sai ɗigar ruwa.

Washegari Umma ta sami dinya guda a rataye a ƙofar gida, da sabon ludayi a ɗaure a ƙafar dinyar. Ashe labarin ludayin ya kai kunnen Mato.

Mato ya ƙara shekara shida a kan ruwa. Tun daga wannan kakar, in an kawo wa Alhasan jirgi, sai ya sa mai shi ya zauna ciki a kan tudu, ya riƙe filafili ya nuna yadda yake tuƙi, mutane na wucewa suna dariya. Sai ya ga inda hannu ke sauka da inda bindiga ke kwanciya, sannan ya ɗauki zarto.