Sawun Taya a Tabarmar Kaka

Ranar Alhamis ta bayan ƙaramar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya loda mu a bayan motar kaya da ya aro, daga unguwarmu ta Mahjar sai bakin tekun Abhur. Mun daɗe muna masa nacin kwana a bakin ruwa, inda teku ke kutsowa cikin ƙasa ya kwanta lamo kamar tafki. Tun asuba Umma ta tuƙa asida, ni na wanke kwanuka na jiƙa zoɓo, ƙannena kuwa ba abin da suka tsinana sai rigimar wanda zai riƙe ƙwallo.

A lokacin wurin yana da al'adarsa: wanda ya riga shimfiɗa tabarma ya danne ta da dutse, wurin nasa ne har gari ya waye. Ko ka tafi masallaci ba mai taɓawa. Tamu ta kaba ce, Kaka ta saƙa da hannunta a Sudan, ta bai wa Umma ranar da za ta hau jirgi, kuma ba su sake ganin juna ba. Sai da babban dalili Umma ke fito da ita. Muka shimfiɗa ta dab da ruwa, muka bazama tsince-tsincen kwanson kifi da wasan langa, rairayi har cikin kitsona.

Da la'asar sai ga karafan, motar nan mai ɗakin kwana da kicin a cikinta. Mai ita ya leƙo ta taga, ko sallama babu, ya ce da Larabci, "Yalla, ku matsa." Baba ya nuna masa dutsen, ya ce mun riga. Mutumin bai ko kalle shi ba, ya yi wa direbansa nuni da yatsa. Motar ta taho da baya. Na ji kabar tana ƙaƙas ƙarƙashin taya, tukunyar asida ta kife. Ga fili ko'ina, jama'a, amma sai namu ya yi masa! Direban ya sauko, ashe Bahaushe ne. Kansa a sunkuye ya ce, "Don Allah Malam ku yi haƙuri, umarni aka ba ni."

Wallahi na ɗauki dutsen nan, gilashin motar na nufa. Baba ya cafke min wuyan hannu. "Ajiye, Hauwa. Iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar nan, tana hannun mutane. Halas, magana ta ƙare." Ya naɗe tabarmar da kansa, har da ba mai motar haƙuri. Wannan haƙurin ya fi tayar ƙona min rai. Kafin magariba muna gida, ba mu kwana ba. Washegari Umma ta yi ta gurzar tabarmar da sabulu, baƙin sawun ya ƙi fita.

Yanzu an katange wurin, da ƙofa da mai gadi, karafan jere kamar shaguna, dutse a kan tabarma bai hana komai. Umma ta rasu, tabarmar tana wurina. Kwanan baya 'yata ta shafa baƙin layin ta ce, "Mama, ado ne?" Na ce mata a'a, taya ce. Baba na yafe masa tun ranar da na riƙe iƙamar kaina. Mai karafan ɗin nan kuwa, har yau na kasa.