Malam Idris da Mintuna Biyar na Runtse Ido

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris, 1975, da hantsi, aka aiko mini daga asibitin Gusau cewa Malam Idris Nahuce, malamin aji bakwai a makarantarmu ta Bungudu, ya cika. Kwana uku kacal sanƙarau ya ba shi.

Malam Idris, ni ne hedimastanka, kuma ni na fi kowa takura maka. Ran da na fara leƙa ajinka na tarar da yara arba'in sun kifa kai a kan tebur, ido rufe, na zaci barci ka sa su. Ashe tafiya kuke yi a zuci, ta mintuna biyar. Kana magana a hankali, kana bi da su ta bayan gari, su tsallake gonar rake, su sa ƙafa a ruwan gulbi, kowa ya ajiye abin da ke cin ransa a kan yashi. Na kira ka ofis na ce gwamnati ba ta biyanka albashi don tatsuniya. Ba ka musa mini ba, kuma ba ka daina ba.

Dije ce ta kunyata ni. Yarinyar nan ta fi kowa lissafi, amma da an raba takardar jarrabawa sai ta kasa rubutu, har amai take yi. Da mintuna biyar ɗin nan naka ta fara rubutu har ƙarshen takarda. Yanzu saura kwana goma sha biyu jarrabawar shiga sakandare, kuma bana ce damarta ta ƙarshe. Tun da aka yi maka sutura ba ta iya riƙe fensir ba.

Jiya na ajiye bulalata na shiga ajinka. Muryata ta saba da tsawa, amma na kwaikwaye ka iyakar iyawata. Ban kai su ko gonar rake ba aji ya rushe da kuka. Dije kaɗai ba ta buɗe ido ba. Na tambaye ta ina ta kai.

Ta ce, "Malam, ina bakin hanya. Muryatai nika jira."

Muryarka take jira, Idris, kuma tsoro nake ji. Gobe zan sake gwadawa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Hauwa, da 'ya'yanka, da mutanen Nahuce. Kai kuma ka yafe mini, Idris. Ban roƙe ka ba kana da rai.